Taku takwas a Landan: nazarin wasan Edward Lasker da George Thomas na 1912

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 1912, wani matashin injiniya ɗan ƙasar Jamus mai suna Edward Lasker, wanda bai daɗe da sauka a Ingila ba, kuma Turancinsa bai taka kara ya karya ba, ya shiga zauren City of London Chess Club, kulob ɗin masu darar Turawa da aka fi sani da ces, yana neman wanda zai kara da shi. Aka haɗa shi da wani ɗan kulob ɗin mai suna George Thomas, fararen 'ya'ya suka faɗo hannun baƙon, aka tayar da agogo. Wasan bai wuce taku 18 ba, babu kofi a kansa, babu ladan kuɗi, kuma da a ce ya ƙare kamar yadda dubban wasannin kulob suke ƙarewa kowace yamma, da an kwashe 'ya'yan an zuba a akwati an manta da shi kafin gari ya waye. Sai ga shi fiye da shekara 100 bayan haka, da wuya mai koyon ces ya yi nisa bai ci karo da shi ba.

Abin da ya sa ake yawan nuna wannan wasa shi ne sarauniyar da Lasker ya sadaukar a taku na 11, da kuma yadda ya koro sarkin abokin karawarsa daga wancan ƙarshen allo zuwa wannan. Ɓangaren yana da kyau ƙwarai, kuma za mu bi shi gida-gida. Amma a ganina, mutumin da yake wasa a kulob, yake shiga ƙananan gasanni a ƙarshen mako, ya fi buƙatar ya daɗe a kan taku na 10, domin a nan ne wasan ya karye, kuma kuskuren da aka tafka a nan irin na mai tunani ne. Thomas ya ga barazanar da aka yi masa, ya fahimce ta, ya samo mata amsa mai ma'ana, kuma wannan amsar ce ta kai shi ƙasa.

Babu ɗaya daga cikin mutanen biyu da ya ɗauki ces sana'ar cin abinci, amma hakan ba ya nufin 'yan koyo ne. An haifi Lasker a 1885 a garin Kempen, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Jamus, yanzu kuma yake cikin ƙasar Folan. Injiniyanci ya karanta, da shi ya riƙe kansa, ko da yake tun a 1911 ya riga ya wallafa littafi da Jamusanci kan dabarun wasan. Kada a rikita shi da Emanuel Lasker, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1894 zuwa 1921. Shi kuwa Thomas an haife shi a 1881 kusa da birnin Santambul, kuma a gida ya tarar da ces, domin mahaifiyarsa ce ta lashe gasar mata da aka yi a garin Hastings na Ingila a 1895. Duk da haka a fagen badminton ya fi yin suna, har kofin duniya na ƙungiyoyin maza na wannan wasa yake ɗauke da sunansa zuwa yau, kuma ya buga tanis a Wimbledon. Ranar da suka zauna, Lasker yana da shekara 26, Thomas yana da 31.

Domin wanda zai bi wasan da allo a gabansa, ga sunayen da zan yi amfani da su. Allon yana da gidaje 64, layukan tsaye suna amsa haruffa daga a zuwa h, sahun kwance kuma suna amsa lambobi daga 1 zuwa 8, farare suna farawa daga sahu na 1 da na 2, baƙaƙe daga na 8 da na 7. Sarki da sarauniya da doki sunayensu a fili suke. Wanda yake tafiya a miƙe zan kira shi hasumiya, wanda yake tafiya a karkace, da Turawa suke ce wa bishop, zan bi Larabawa in kira shi giwa, ƙananan da ke sahun gaba kuma dakaru. Idan aka kai wa sarki hari kai tsaye zan ce an yi masa kashedi, idan ya rasa mafita zan ce an yi kisa. Takun nan da sarki yake tsallake gida biyu zuwa gefe, hasumiya ta zagayo ta tsaya kusa da shi, zan kira shi fakewa.

Akwai kuma batun agogo, wanda sau da yawa ake tsallake shi. Kamar yadda Lasker ya ba da labari daga baya, sun yi wasan ne bisa wata ƙa'ida da ake bi a kulob ɗin, wadda ta ba kowa damar ya yi sauri ko ya yi jinkiri yadda ya ga dama, amma da sharaɗin kada lokacin da ɗaya ya ci ya zarce na ɗayan da fiye da minti biyar. Ma'anar wannan ita ce mai sauri shi ne yake jan akalar wasan, domin idan ya riƙa takawa nan take, dole abokin karawarsa ya bi shi a guje. Saboda haka duk hukuncin da za mu yanke wa Thomas, sai mu tuna cewa ba shi da damar ya dafe kai na rubu'in awa a kan taku guda.

Lasker ya buɗe da dakaren d zuwa d4, Thomas ya amsa da e6. Lasker ya fito da doki zuwa f3, Thomas ya tura dakarensa na f zuwa f5. Wannan shi ne tsarin da ake kira kariyar Holan, kuma manufarsa ita ce a hana farare kafa ƙafa a gidan e4. Tsari ne na mai son faɗa, amma yana da farashi, domin da zarar dakaren f ya bar gidansa, ɗaya daga cikin ukun da za su kare sarki ya tafi, kuma layin karkace da ya taso daga h5 zuwa e8 ya buɗe. A taku na 3 dawakai suka fito, na Lasker zuwa c3, na Thomas zuwa f6. A na 4 giwar Lasker ta je g5, ta Thomas ta tsaya e7. A na 5 Lasker ya ci dokin f6 da giwarsa, Thomas ya rama da tasa giwar. Mutum zai iya tambaya me ya sa Lasker ya ba da giwa a kan doki tun da sanyin safiya, alhali masu koyarwa suna yawan yabon wanda ya riƙe giwayensa biyu. Amsar tana cikin taku na 6, domin dokin f6 shi ne mai gadin e4, kuma da ya kau sai Lasker ya tura dakare zuwa e4, Thomas ya ci, Lasker ya rama da dokin c3. Thomas ya taka b6 yana share wa giwarsa ta biyu hanya zuwa b7.

Taku na 8 shi ne wurin da Lasker ya fara karya ƙa'idojin da shi kansa ya sani sarai. Ya ɗaga dokin f3 karo na biyu ya dasa shi a e5, alhali giwarsa tana gida ba ta fito ba, sarkinsa kuma yana tsakiyar allo bai fake ba. Thomas ya fake da sarkinsa a g8, hasumiya ta dawo f8. Lasker ya kawo giwa d3, Thomas ya kai tasa b7. Sai a taku na 10 Lasker ya cilla sarauniyarsa zuwa h5.

A nan ya kamata a ajiye hannu a dubi allon da kyau. Farare suna da 'ya'ya huɗu da suka fuskanci sarkin baƙaƙe: sarauniya a h5, doki a e5, doki a e4, da giwa a d3. Giwar ita ce abin lura, domin tana kallon gidan h7 a karkace ta kan e4 da f5 da g6, sai dai dokinta na e4 ya tsaya mata a gaba kamar labule. Duk lokacin da dokin nan ya matsa, giwar za ta buɗe ido. Su kuwa baƙaƙe, sarkinsu yana g8 da dakaru biyu a gabansa, a g7 da h7, ga giwa a f6, ga hasumiya a f8, ga sarauniya a d8. Dokinsu na b8 da hasumiyarsu ta a8 ba su motsa ba tun farkon wasa. Barazanar Lasker a bayyane take: zai ci giwar f6 da dokin e4 tare da kashedi, labule ya yaye, sarauniya da giwa su haɗu a kan h7. Idan Thomas ya rama da dakaren g ko da sarauniya, to sarauniyar Lasker za ta ci h7 a yi kisa nan take, domin f8 hasumiyarsa ce ta cike shi, f7 kuma dokin e5 yana gadinsa. Idan ya rama da hasumiya, sarkin zai samu ƙofa ta f8, amma sarauniyar za ta bi shi ta h7 da h8 da g7 tana tsintar dakaru har gidan ya rushe.

Thomas ya ga duk wannan, kuma takun da ya yi shi ne shaida. Ya matsar da sarauniyarsa gida ɗaya, daga d8 zuwa e7. Lissafinsa kuwa mai kyau ne: idan doki ya ci f6, zai rama da dakaren g, kuma da zarar dakaren ya bar g7, sahu na 7 zai buɗe tun daga e7 har h7, sarauniyarsa ta zama mai gadin gidan da ake hari, dakaren da ya koma f6 kuma ya juyo yana barazana ga dokin e5. Taku ɗaya, ya kare, ya fitar da sarauniya, ya share wa hasumiyoyinsa hanyar haɗuwa. Na sha jera wannan matsayi a kan allo in rufe sauran wasan in tambayi kaina abin da zan taka cikin minti ɗaya, kuma gaskiyar magana ita ce hannu yana son zuwa e7, saboda takun yana da tsafta, yana kama da na wanda ya san abin da yake yi.

Inda lissafin ya gaza shi ne Thomas ya ɗauka cewa barazanar tana da jeri guda tak, wato a fara cin f6 sannan a ci h7. Tsaron da ya gina ya dogara kacokan a kan samun damar rama ci a f6. Bai juya jerin ba ya tambayi kansa abin da zai faru idan aka fara da h7 sannan aka zo f6. Dalilin da ya sa mai wasa ba ya juya irin wannan jeri sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama gaban allo: kafin doki ya matsa, giwa ba ta kare h7, don haka sarauniyar da ta ci wannan dakare za a cinye ta ne a banza, kuma ƙwaƙwalwa tana jefar da irin wannan taku tun kafin ta auna shi. Amma idan sarki da kansa ne ya ci sarauniyar, to ya hau kan layin giwar, kuma lokacin da doki zai ci f6 kashedin zai zo ta baki biyu, daga doki da kuma daga giwa. Kashedi mai baki biyu ba a tare shi, ba a kuma magance shi da cin ɗaya daga cikin maharan, sai dai sarki ya tashi. Ramuwar da aka gina tsaron a kanta ba za ta taɓa samuwa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

To me ya kamata ya taka? Ba kowace amsa ce take aiki ba. Da ya ci dokin e4 da giwarsa ta b7, giwar Lasker za ta rama ta zauna a e4 tana kallon h7 ta wannan gefe, tana kallon hasumiyar a8 ta wancan, kuma ba za a iya kare duka biyun ba. Da ya tura dakare zuwa g6, dokin e5 zai faɗa masa ya yaye wa sarki rufi. Amsar da take tsayawa ita ce a ci dokin e5 da giwar f6. Wannan doki shi ne ginshiƙin harin gaba ɗaya, domin shi ne yake toshe f7, shi ne kuma yake da hanyar zuwa g6 da g4. Idan ya kau, sadaukar da sarauniya ba ta da amfani, saboda sarki zai ci, a yi masa kashedi mai baki biyu, ya koma h8 ya zauna lafiya. Idan Lasker ya rama da dakaren d, hasumiyar Thomas za ta hau f5 ta kai hari ga sarauniya da dakaren e5 a lokaci guda, ta kuma tafi da dakaren. Idan ya rama da sarauniya, dokin b8 zai fito c6 ya taɓa sarauniyar da dakaren d4 tare. Idan kuma ya ƙi ramawa ya jefa dokinsa na biyu f6 don ya buɗe wa giwa hanya, hasumiya za ta ci dokin, sarki ya fice ta f8, a ƙarshe Lasker ya tashi da giɓin babban ɗa guda a madadin dakaru biyu. Wato harin da duniya take yabo ba shi da tushe mai ƙarfi a taku na 10, kuma da Thomas ya samu wannan amsa, da sai a ce baƙon ya yi garaje ya fito da sarauniya kafin ya gyara gidansa.

Ina ganin na san abin da yake hana ɗan kulob taka wannan taku, ko da ya gan shi. Giwar f6 ita ce mafi kusa da sarkinsa, ita ce take gadin baƙaƙen gidajen da ke kewaye da shi, kuma an koya masa cewa ba a rabuwa da irinta lokacin da ake kawo hari. Bugu da ƙari, cire ta daga f6 yana barin gidan a buɗe ga dokin e4, abin da ke da ban tsoro a ido duk da cewa lissafi ya nuna babu komai a cikinsa. Takun e7 yana riƙe komai a inda yake, shi kuwa cin e5 yana buƙatar mutum ya lissafa layi uku ko huɗu ya yarda da sakamakon, alhali agogo yana tafiya.

Lasker ya ci h7 da sarauniya. Thomas ba shi da zaɓi, domin h8 yana ƙarƙashin sarauniyar, f7 yana ƙarƙashin doki, don haka sarki ya ci. A taku na 12 dokin e4 ya ci giwar f6, kashedi ta baki biyu. Abin da ke da ɗaukar hankali shi ne 'ya'yan Thomas uku suna kallon wannan doki, sarauniya da hasumiya da dakaren g7, kuma babu wanda doka ta ba shi damar taɓa shi. A nan ne kaɗai, a duk tsawon korar, Thomas ya samu zaɓi tsakanin gida biyu. Da ya koma h8, dokin e5 zai sauka g6 a yi kisa, domin dokin f6 ya riƙe g8 da h7, dakarensa ya cike g7, kuma dakarun f da h da za su iya cin g6 duk sun bar allo. Sai ya fito h6.

A taku na 13 akwai wata 'yar dabara da ta cancanci a tsaya a kanta, domin dawakan Lasker biyu kowanne yana iya zuwa g4 ya yi kashedi. Lasker ya zaɓi na e5, ya bar na f6 a wurinsa. Da wannan zaɓi dawakan suka kama hannun juna, na g4 yana kare na f6, na f6 yana kare na g4, kuma na f6 ya ci gaba da toshe h5 da h7, giwa tana toshe g6. Gida ɗaya ya rage wa sarki, g5, kuma daga nan hanyar komawa gida ta rufe masa har abada. Lasker ya tura dakaren h zuwa h4 da kashedi, hasumiyar h1 tana bayansa, sarki ya gangaro f4. Ya tura dakaren g zuwa g3 da kashedi, sarki ya gangaro f3. Ya dawo da giwa e2 da kashedi, sarki ya shiga g2, gidan da dakaren ya bari. Ya ɗaga hasumiya zuwa h2 da kashedi, dokin g4 yana kare ta, sarki ya faɗa g1. A taku na 18 Lasker ya ɗaga sarkinsa daga e1 zuwa d2, sahu na 1 ya buɗe, hasumiyar a1 da ba ta motsa ba tun farkon wasa ta hango sarkin baƙaƙe daga wancan gefe, wasa ya ƙare.

Idan aka bi sawun sarkin Thomas za a ga g8, h7, h6, g5, f4, f3, g2, g1. Taku bakwai ya yi, kowanne yana sauko da shi sahu ɗaya daidai, har ya mutu a gidan da sarkin farare yake zama idan ya fake. Daga taku na 11 zuwa na 18 kowane takun Lasker kashedi ne. Wannan yana taimakawa wajen amsa tambayar da masu koyo suke yawan yi, wato yaya mutum zai hango taku takwas a gaba cikin wasan sauri. Hango taku takwas yana da wuya idan abokin karawa yana da amsa uku ko huɗu a kowane mataki, domin rassan suna ninkuwa. A nan kuwa hanya ɗaya ce babu mararraba sai guda, kuma wadda ta ratse ɗin tana ƙarewa da kisa a taku ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne a iya riƙe hoton allo a zuci, a riƙa duba gidaje takwas da ke kewaye da sarki bayan kowane kashedi. Mai wahalar shi ne yarda a duba takun farko, wanda a ido yake kama da zubar da sarauniya. Abin da ya hana Thomas ganin haɗarin shi ne dai abin da Lasker ya tsallake ya samu nasara, kuma su biyun allo ɗaya suke kallo.

Masu nazari sun nuna daga baya cewa Lasker bai bi hanya mafi gajarta ba. A taku na 14, da ya tura dakaren f zuwa f4 maimakon na h, kisa zai zo da wuri. Idan sarki ya ci dakaren, sai g3 da kashedi, daga nan in ya koma g5 dakaren h ya kashe shi a h4, in ya gangaro f3 kuma farare su fake ta gefen sarki, hasumiya ta sauka f1 a kan layin da ya buɗe, kisa a taku na 16. Idan sarki ya ƙi ci ya tafi h4, sai g3, sarki ya shiga h3, giwa ta koma f1 da kashedi, giwar b7 ta taho ta tare a g2, doki ya dawo f2 ya gama aiki a taku na 17. Haka nan a taku na 16 na ainihin wasan, da Lasker ya matsar da sarkinsa f1 a natse ba tare da kashedi ba, ya toshe g2, babu abin da zai hana doki zuwa h2 ya yi kisa a taku na 17. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Mutumin da ya ba da sarauniya, agogo yana bin sa, kuma ya ga hanyar da kowane takunta dole ne, yana da hujjar ƙin yin taku na shiru da zai ba abokin karawa numfashi ko da na taku ɗaya ne, musamman da yake sarauniya da hasumiya da dakare suna jiran a sake su su cinye dokin f6.

Lasker ya ba da labarin cewa da wasan ya ƙare Thomas ya yaba masa nan take cikin 'yan kalmomi, kuma sai da aka fassara masa ya gane abin da aka ce. Abin ya zauna masa a rai, domin ya saba da kulob ɗin da wanda aka ci yakan fara da nuna cewa sa'a ce kawai, da ya taka kaza da labari ya sha bamban. A wannan karon ma da Thomas ya faɗi haka da bai yi ƙarya ba, tun da mun ga abin da cin dokin e5 zai haifar. Kayen kuma bai rage shi da komai ba. Ya zama zakaran ces na Birtaniya a 1923 da 1934, ya lashe gasar badminton ta All England ta 'yan ɗaiɗai sau huɗu a jere daga 1920 zuwa 1923, kuma a gasar Hastings ta ƙarshen 1934 zuwa farkon 1935 ya raba matsayi na ɗaya da Max Euwe da Salo Flohr, bayan ya doke manyan gwanayen ces na duniya José Raúl Capablanca da Mikhail Botvinnik. Lasker ya ƙaura zuwa Amurka a 1914, ya ci gaba da aikin injiniya, a 1923 ya kara da Frank Marshall a kan kambun ƙasar ya sha kaye da tazarar maki ɗaya, ya rasu a New York a 1981.

Saura batun yadda aka adana wasan, wanda shi ma yana da alaƙa da kasancewarsa wasan kulob. Jerin takun farko ya zo da saɓani a littattafai, wasu suna farawa da f5 tun a taku na 1 tare da e4 a na 2, wasu suna sauya wurin fitowar giwa da fakewar sarki, kuma masanin tarihin ces Edward Winter ya tattara waɗannan ruwayoyi ya jera su. Dukansu suna haɗuwa a matsayi guda bayan taku na 10, don haka nazarin da ke sama bai canza ba ko da wacce aka bi. Saɓanin da ya fi jan hankali yana kan takun ƙarshe. A wannan matsayi Lasker yana da hanya biyu ta kisa, domin sarkinsa da hasumiyar a1 ba su taɓa motsawa ba, gidajen da ke tsakaninsu babu kowa, saboda haka yana iya fakewa ta gefen sarauniya, sarki ya je c1, hasumiya ta sauka d1 ta yi kisan. Kisa ta hanyar fakewa abu ne da ba kasafai ake gani ba, har wasu masu buga wasan suka fi son su rubuta shi da wannan ƙarshe. Lasker da kansa ya ce ya ga takun, ya kuma yi tunanin yin sa, amma halin injiniya ya rinjaye shi, domin fakewa tana buƙatar a ɗaga 'ya'ya biyu, matsar da sarki zuwa d2 kuwa ɗa guda ya isa. Lokacin da ya ajiye sarkin a d2, Thomas yana da sarauniya da hasumiya biyu da giwa da doki a kan allo, kuma dokin yana nan a b8 inda aka jera shi kafin a tayar da agogo.